Intanet ta wayar wuta: me ya sa masu rediyo suke jin tsoronta?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta kai su ga sauraro ba, da kuma masu cewa su karatu ya fi shigarsu.

Bari in fara da wani abu da ya faru a gidanmu, nan cikin garin Katsina. Mahaifina yana da wata tsohuwar rediyo mai batir, kullum bayan sallar asuba yakan zauna a zaure ya kamo labaran duniya a gajeren zango. Kwanaki sai ya fara ƙorafi, wai rediyon ta lalace. Idan an ɗauke wuta murya tana fita tangaram, da an kawo wuta sai wani ƙugi ya rufe komai, kamar ana soya wani abu a cikinta. Har ya ba ni ita in kai wa mai gyara. Na ce, "Baba, ku bari in gwada wani abu tukuna." Na bi ɗakunan gidan ina cire duk abin da aka jona, ɗaya bayan ɗaya. Ina zare wata caja mai arha a ɗakin ƙanena, sai ƙugin ya ɗauke ɗif. Baba ya dubi cajar, ya dube ni, ya ce, "Yanzu wannan 'yar abar ce ta hana ni jin labarai sati biyu?" Na ce, "Ita ce, Baba."

To, ku riƙe labarin cajar nan. Yau za mu yi magana a kan wata fasaha da ta yi irin wannan ɓarna a wasu ƙasashe, amma ba a gida ɗaya ba, a gari guda. Ita ce fasahar tura intanet ta cikin wayar wutar lantarki, wadda ake taƙaita sunanta da BPL.

Yadda abin yake aiki ba shi da wahalar ganewa. Wutar da ke shigowa gidajenmu a Najeriya tana kai da komowa sau 50 a cikin daƙiƙa ɗaya. Wannan shi ake kira haz 50. Sai injiniyoyi suka ce, tunda waya ta riga ta shiga kusan kowane gida, me zai hana mu ɗora mata wani saƙo na daban mai kaɗawa da sauri sosai, sau miliyoyi a daƙiƙa, ya bi ta cikinta? A ƙarshen layi sai a sa wata na'ura ta tace, wuta ta tafi aikinta, saƙo ya shiga kwamfuta. Ba haƙa rami, ba jan sabuwar waya. Soket ɗin da kake jona fanka shi ne zai ba ka intanet. Wa zai ji wannan bai yi sha'awa ba?

Kuma kar ku ce abin na Turai ne kawai, akwai ɗan ƙaninsa a gidajenmu. Kun san irin mitar wutan nan ta kati da ake ɗaurawa a saman falwaya, a ba ka ɗan akwati mai lambobi ka ajiye a ɗaki? Da yawa daga cikinsu sai ka jona akwatin a soket kafin ka loda kati. Dalili kuwa, akwatin da mitar ta cikin wayar wutar suke magana da juna. Shi ya sa idan ka juya layin gidan kan janareto ko inbata, sai lodin ya ƙi shiga. Bambancin kawai, saƙon mitar ɗan kaɗan ne, kuma yana tafiya a ƙasa da kilohaz 500. Ita kuwa intanet kaya ne mai yawa, tana bukatar fili mai faɗi. Shi ya sa BPL take amfani da zango daga wajen megahaz 2 zuwa 30, wasu nau'o'in har zuwa 80.

Nan rigimar take. Daga megahaz 3 zuwa 30 shi ne ainihin abin da iyayenmu suke kira gajeren zango. Fili ne da yake da masu shi tun kafin a haife mu.

Su wane ne masu shi? Na farko, tashoshin da muka tashi muna ji. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, na Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979, RFI ta Faransa a 2007, kuma duk ta gajeren zango suka shiga ƙauyukanmu. Rediyon Najeriya Kaduna ma ta daɗe tana watsa shiri a kan mita 49. Na biyu, jiragen sama masu tsallaka teku da hamada, da jiragen ruwa, da sojoji. Na uku kuma, waɗanda su ne suka fi ɗaga murya a wannan rigima, su ne masu rediyon sha'awa, waɗanda Turawa suke yi wa laƙabi da ham.

Da yawanmu ba mu san da su ba, to bari in bayyana. Mai rediyon sha'awa mutum ne da ya koyi fasahar rediyo, ya samu lasisi daga hukuma, ya kafa 'yar tasharsa a gida. Ba ya sa waƙa, ba ya talla, doka ma ta hana shi neman kuɗi da ita. Magana yake yi da 'yan uwansa a wasu garuruwa da wasu ƙasashe, kai tsaye daga eriyarsa zuwa tasu, ba hasumiyar kamfanin waya a tsakani. Kowanne yana da lambar kira, kuma farkon lambar yana nuna ƙasarsa. Ta Najeriya tana farawa da 5N, ta Nijar da 5U, ta Ghana da 9G. Marigayi Sarki Husaini na Jodan ɗaya ne daga cikinsu, lambarsa JY1. Haka ma tsohon firaministan Indiya Rajiv Gandhi. Ƙungiyarsu ta duniya, IARU, an kafa ta a birnin Faris a 1925, kuma kowace ranar 18 ga Afrilu suke bikin tunawa da hakan. A Najeriya ma suna da ƙungiyarsu, NARS.

Wani zai ce, ya za a yi mutum yana zaune a Ƙofar Ƙaura ya yi magana da wani a Brazil ba intanet? Sirrin yana sama. Can nesa a sararin samaniya, kilomita ɗaruruwa daga ƙasa, akwai wani ɓangare na iska da hasken rana yake cajawa. Igiyar gajeren zango idan ta kai can sai ta lanƙwaso ta dawo ƙasa a wuri mai nisa, wani lokaci ta sake tashi ta sake dawowa. Da ƙarfin wat 100, wato daidai da tsohon ƙwan fitila guda, mutum yana iya tsallaka nahiya. Amma kafin saƙon ya iso, ya galabaita. Abin da yake shiga eriyar mai sauraro kan zama 'yan kaso kaɗan cikin miliyan na bolt ɗaya. Kamar mutum ne yake maka raɗa daga ƙarshen fili. Kana iya jinsa, amma sai idan wurin ya yi tsit.

Yanzu ku dubi wayar wuta. Wayar da ke zuwa daga dish zuwa talabijin, idan ka yanke ta za ka ga zare ɗaya a tsakiya, an lulluɓe shi da raga ta ƙarfe. Ragar nan ita take hana saƙo zuba waje. Wayar intanet ta ofis kuma murɗaɗɗiya ce biyu-biyu, murɗin yana sa abin da ɗaya ta fitar ɗayar ta soke shi. Faiba kuwa haske ne yake bi ta cikin gilashi, ba ruwanta da rediyo kwata-kwata. Ita fa wayar wuta? Tsirara take a saman falwaya, ba raga, ba murɗi, kuma layukan sun yi nesa da juna. An yi ta ne don haz 50, ba wanda ya yi tunanin megahaz lokacin da ake jan ta.

Ga wani ɗan lissafi mai sauƙi. Idan kana son sanin tsawon igiyar rediyo a mita, raba 300 da yawan megahaz ɗinta. Megahaz 15 ya ba ka mita 20, wato kusa da mita 19 ɗin da kuke ji ana faɗa a tashoshi. Megahaz 7, inda masu rediyon sha'awa suke yawan haɗuwa, ya ba ka wajen mita 43. Ka'idar eriya kuma ita ce, waya tana fara watsa saƙo da kyau idan tsawonta ya kai rabin tsawon igiyar. Ke nan wayar da ta kai mita 20 ta riga ta zama eriya mai kyau a megahaz 7. To tsakanin falwaya da falwaya ma ya fi haka. Da zarar ka zuba megahaz a cikin layin unguwa, ka mayar da layin gaba ɗaya eriya mai watsa ƙara, kuma tana bin kowane lungu, tana wucewa ta saman kowane gida. Mai raɗan nan na ƙarshen fili, an kunna masa injin niƙa a tsakaninku.

Wannan ba hasashe ba ne, an gwada an gani. A Amurka, hukumar sadarwarsu FCC ta fitar da ka'idojin BPL a watan Oktoba na 2004. Garin Manassas da ke jihar Bajiniya ya zama na farko da ya shimfiɗa ta a gari guda, aka yi bikin hakan a 2005. Masu rediyon sha'awa na yankin suka riƙa zagayawa da na'urorinsu a mota suna auna ƙarar, suna kai ƙorafi. Ƙungiyarsu ta ƙasa, ARRL, wadda aka kafa tun 1914, ta maka hukumar a kotu. A watan Afrilu na 2008 kotun ɗaukaka ƙara da ke Washington ta ce hukumar ta yi kuskure, domin ta ɓoye wasu sassa na binciken injiniyoyinta da ta dogara da shi, maimakon ta bari jama'a su gani su yi magana. A 2010 Manassas ta rufe tsarin, saboda kuɗin da yake ci da ƙarancin masu saye. A tsibirin Tasmaniya na Ostireliya ma kamfanin wuta ya fara gwaji a 2005, ya janye a 2007.

Gaskiya ita ce, ba ƙorafin masu rediyo kaɗai ya kayar da ita ba. Saƙon intanet ba ya ratsa taransifoma da kyau, sai an yi masa hanyar zagaye a kowace ɗaya. Yana kuma raunana a hanya, sai an riƙa sa na'urorin ƙara masa ƙarfi a kan falwayoyi. Kuma kamar yadda layin yake fitar da ƙara, haka yake kwasar ƙarar waje, sai intanet ɗin ta riƙa yankewa. Kafin a gama gyara waɗannan, faiba da intanet ɗin wayar hannu sun yi mata nisa.

Amma fasahar ba ta mutu ba, ta koma cikin gida ne. Akwai wasu ƙananan na'urori da ake sayarwa biyu-biyu, ka jona ɗaya a soket kusa da na'urar waifai, ɗayar a wani ɗaki, sai intanet ta bi wayar bangon gidan. Su ma a gajeren zango suke aiki. Japan ta amince da amfani da irinsu a cikin gida a 2006, a Ingila kuma masu sauraron rediyo sun sha kai ƙorafi a kansu gaban hukumar Ofcom. Maganin da aka samo shi ne a bar gurbi. Kamar yadda manomi yake barin burtali a tsakanin gonaki don dabbobi su wuce, haka ake tsara na'urar ta rage ƙarfinta sosai a daidai zangon masu rediyon sha'awa. Na'urorin HomePlug haka aka yi su. Sai dai a yawancinsu gurbin na masu rediyon sha'awa ne, zangon tashoshin labarai irin mita 31 da 25 da 19 bai samu wannan gata ba, sai a sababbin ka'idojin Turai da suka ce na'ura ta riƙa kauce wa tashar da ta ji tana aiki.

To mu dawo gida. A Katsina yau intanet ɗinmu ta hasumiyar waya take zuwa, wasu ofisoshi suna da faiba, wasu kuma sun sa Starlink tun da ta shigo Najeriya a farkon 2023. Amma irin ƙarar da masu rediyo suka yi yaƙi da ita a Manassas tana nan tare da mu ta wata ƙofar. Caja, da ƙwan LED, da inbata, da na'urar da ke daidaita cajin sola, duk aikinsu ɗaya: suna yanka wuta suna haɗawa sau dubbai a daƙiƙa. Wannan yankan yana haifar da ƙara mai hawa har cikin gajeren zango. Kamfani mai mutunci yakan sa 'yan kayan tacewa a ciki don su tare ta. Mai neman arha sai ya cire su, domin caja za ta yi caji ko babu su, kuma mai saye ba zai gani ba. Daga nan ƙarar ta bi wayar bango ta fita falwaya, ta shiga gidan maƙwabci. Ƙara da wannan, duk inda aka ɗaure waya da waya sakwa-sakwa, ko ƙurar hunturu ta taru a kan kwalbar falwaya, tartsatsi kan tashi, kuma kowane tartsatsi 'yar tashar rediyo ce mai watsa ƙara.

Me ya sa mu matasa ba mu lura ba? Saboda mu FM muke ji, irin su Companion FM da Vision FM. FM tana zaune can sama, tsakanin megahaz 88 da 108, inda yawancin wannan ƙara ta riga ta yi rauni. Bayan haka, tashoshin gajeren zango suna ɗora murya ne a kan hawa da saukar ƙarfin igiya, ita kuma ƙarar lantarki daidai wannan ƙarfin take taɓawa. FM a kan saurin kaɗawa take ɗora murya, shi ya sa take iya watsar da ƙarar. Ke nan wanda abin yake cutarwa shi ne dattijon da ke zaure, kuma shi ba zai san daga ina matsalar take ba. Zai ce rediyonsa ta tsufa, ya jefar da ita.

Na san wani zai ce, to ai zamani ne ya wuce da gajeren zango, a bar shi ya mutu mana. Ina so mu tuna wasu abubuwa da muka gani da idonmu. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Jibiya, Batsari, Safana, Ƙanƙara, Faskari da Funtuwa, kuma aka ɗauki watanni a haka. Wanda yake can a lokacin ba Facebook, ba WhatsApp, ba kira. Rediyo mai batir ita ce tagar da ta rage masa. A ranar 14 ga Maris na 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna suka tsaya cak. A watan Oktoba na 2024 kuma yawancin Arewa ta kwashe fiye da mako guda cikin duhu, mutane suna layi wajen masu caji. A maƙwabtanmu Nijar an dakatar da RFI a watan Agusta na 2023, aka dakatar da BBC na wata uku a Disamba na 2024. Tashar FM ana iya rufe ta da takarda ɗaya. Igiyar da ta sauko daga sama kuwa ba ta tsayawa a kan iyaka, mutumin Maraɗi da na Katsina abu ɗaya za su kama.

Su kuma masu rediyon sha'awa, amfaninsu yana fitowa ne ranar da komai ya faɗi. Lokacin guguwar Katrina a Amurka a 2005, da girgizar ƙasar Nepal a 2015, da guguwar Maria a Puerto Rico a 2017, sun taimaka wajen isar da saƙonnin agaji bayan hasumiyoyin waya sun daina aiki. Abin da suke bukata batirin mota ne da 'yar waya a rataye a bishiya. Ku tuna ambaliyar Jibiya ta 2018, ku yi tunanin abin da mutum ɗaya mai irin wannan na'ura zai iya yi a irin wannan dare. Amma mutum ba ya koyon wannan aiki ranar bala'i. Yana koyo ne a gidansa a ranakun lafiya, kuma idan unguwarsa ta cika da ƙara har ba ya jin kowa, zai haƙura ya bari. Ɗalibin lantarki a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman da ya haɗa rediyonsa ta farko, ya kunna ya ji ƙugi kawai, da wuya ya sake gwadawa.

Sai dai in ja kunne a nan. Sauraro kyauta ne ga kowa, amma watsa saƙo sai da lasisi. A halin tsaron da muke ciki, kar wani ya je ya sayo na'urar oba-oba ya fara kira ba takarda, zai jawo wa kansa abin da bai shirya ba.

Ina mafita? Ta ɓangaren hukuma, dokokin rediyo na ƙungiyar sadarwa ta duniya ITU sun ɗora wa kowace ƙasa alhakin hana kayan lantarki da layukan wuta damun sadarwar rediyo. A Najeriya akwai NCC mai kula da sadarwa, da SON mai kula da ingancin kaya, da NERC mai kula da wuta. Kuma tun da dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu, wata rana wani zai iya zuwa da takarda ya ce zai raba intanet ta layin wuta. A kan takarda abin zai yi kyau, domin a nan taransifoma ɗaya tana ciyar da gidaje da yawa. Ranar da aka zo da wannan magana, tambayoyin da za a yi su ne: a wane zango zai yi aiki, wane gurbi zai bari, wa zai auna ƙarar, kuma za a nuna wa jama'a sakamakon ko za a ɓoye? Tambaya ta ƙarshen nan ita ce ta kai hukumar Amurka kotu.

Ta ɓangarenmu kuma, ga gwajin da nake so ku yi a wannan makon. Ku ari rediyon Baba ko ta Kaka mai batir, ku kai ta gajeren zango, ku tsaya inda ba tasha. Ku kashe babban makunnin gidan ku saurara. Sannan ku kunna, ku riƙa jona kaya ɗaya bayan ɗaya. Za ku kama ɓarawon da kanku. Idan caja ce ko ƙwai, ku canza da mai inganci, domin wadda aka cire mata kayan tacewa sau da yawa an rage mata kayan kariya ma. Ɗan kumburin nan da kuke gani a jikin wayar cajar laftof, kar ku cire shi, aikinsa ke nan, tare ƙara. Idan kuka ɗaura wa rediyo doguwar waya a matsayin eriya, ku nisanta ta da layin wuta sosai, saboda rayukanku ma. Idan kuma kun kashe komai na gida ƙarar tana nan, to daga waje take, ku kai rahoto ofishin wuta. Kar kowa ya hau falwaya.

Shi Baba na saya masa wata cajar ya ba ƙanena, ya kuma kafa doka cewa ba mai jona komai a gidan sai an gama labaran safe. Mu haɗu a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Na bar ku lafiya.